Christian Okoye: ba dukan Atwater ne ya gama da shi ba

Duk wanda yake ɗan bibiyar ƙwallon Amurka, ina nufin wannan ta NFL, babbar gasar ƙwararrunsu, da ake sa hular kwano ana karo da juna, in ka ambaci sunan Christian Okoye, ɗan Najeriyar da ya buga wa Kansas City Chiefs a matsayin mai gudu da ƙwallo, abu biyu zai fara faɗa maka. Na farko laƙabinsa, Nigerian Nightmare, na biyu kuma wani duka da Steve Atwater na Denver Broncos ya yi masa a 1990, wanda har yau ake ta yawo da bidiyonsa ana cewa wai daga ranar ne mutumin ya ƙare. Ni dai wannan magana ta biyun tana damuna sosai, domin ba gaskiya ba ce, kuma tana rufe ainihin abin da ya faru da shi wanda shi ne yake faruwa da yawancin masu buga wannan matsayi nasa har gobe. Shi ya sa nake son mu bi lamarin daki-daki.

Bari in fara da bayanin aikin don wanda bai saba kallo ba. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, filin yadi 100 ne, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci yadi 10, in ta ci a sake ba ta wasu huɗun, a haka har ta kai ƙarshen fili ta samu tachdawun mai maki 6. Hanya biyu ake ci gaba, ko dai kwatabak, wato mai jagorantar hari da rarraba ƙwallo, ya jefa ƙwallon gaba wani ya cafe, ko kuma ya miƙa ta a hannun ranin bak, wato mai gudu da ƙwallo, shi kuma ya rungume ta ya kutsa cikin ƙartin da ke jiransa. To ka ga shi wannan mai gudun kusan duk lokacin da aka ba shi ƙwallo sai an kayar da shi ƙasa kafin a busa, wani lokacin mutum biyu ko uku ne za su hau kansa. In an ba ka sau 25 a wasa ɗaya, to ka sa a ranka an buga ka da ƙasa kusan sau 25 kenan, ban da wanda kake sha lokacin da kake tare wa kwatabak ɗinka masu kawo hari.

Daga Inugu zuwa Azusa

An haifi Okoye a Inugu ranar 16 ga Agusta 1961. Yana yaro ƙwallon ƙafa yake bugawa kamar kowa, daga baya da jiki ya buɗe sai ya koma wasannin jifa, jifan faranti da jifan dalma da jifan guduma. A 1982 ya tafi Amurka jami'ar Azusa Pacific da ke Kalifoniya, wata ƙaramar makaranta ce ba irin manyan nan da ake nunawa a talabijin ba, kuma ɗan tseren nan na Najeriya Innocent Egbunike wanda ya riga shi zuwa can shi ne silar tafiyar tasa. Burinsa guda ɗaya ne, ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984 wadda aka yi a Los Angeles, nan kusa da makarantar tasu. Da aka fitar da sunaye babu nasa.

Wannan abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma daga nan ne ya je ya nemi a sa shi a ƙungiyar ƙwallon makarantar. Lokacin yana da shekara 23. A Amurka yaro tun yana firamare yake fara wannan wasa, kafin ya kai 23 ya yi shekara goma sha wani abu yana koyon yadda ake riƙe ƙwallo, yadda ake faɗuwa, yadda ake karanta inda ƙofa za ta buɗe tsakanin masu tare masa. Shi kuwa ko dokokin bai sani ba. Abin da yake da shi jiki ne da gudu, tsayi ƙafa 6 da inci 1, nauyi wajen kilo 115 zuwa sama, amma yana cinye yadi 40 cikin daƙiƙa 4.45, wanda gudun masu ƙaramin jiki ne. Kaka uku kawai ya buga a makaranta, aka gayyace shi Senior Bowl, wasan da ake tara fitattun ɗalibai masu gama jami'a don masu neman 'yan wasa su gani, ya ci tachdawun 4 a ranar. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1987 Kansas City Chiefs suka ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne na 35, kuma lamba 35 ɗin ya sa a riga.

Ku lura da shekarun. Ya fara kakarsa ta farko a NFL yana da 26, shekarun da wasu masu gudu da ƙwallo sun riga sun yi kaka huɗu ko biyar. Wasu suna cewa wannan alheri ne gare shi tunda jikinsa bai sha duka tun yana yaro ba, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma ni a ganina asarar ta fi yawa, domin bai samu lokacin koyon dabarun kauce wa duka ba, abin da aka koya masa cikin gaggawa shi ne ka sunkuyar da kafaɗa ka bi ta kan mutum.

Shekara biyun farko ba wani abin a zo a gani. 1987 an yi yajin aikin 'yan wasa, ya buga wasa 12 ya ci yadi 660 a ɗauka 157. 1988 rauni a babban yatsa ya rage shi zuwa wasa 9, yadi 473. Ƙungiyar ma a lokacin ƙarƙashin koci Frank Gansz wasa huɗu-huɗu kawai take ci a kaka.

1989

A nan labarin yake. Chiefs suka kawo Carl Peterson ya riƙe ragamar ƙungiya, suka kawo Marty Schottenheimer a matsayin koci, mutumin da kowa ya san salonsa, a riƙe ƙwallo a ƙasa, a yi ta dannawa, a gajiyar da abokan hamayya, tsaro ya gama sauran. Da ya zo ya tarar da ƙato mai kilo 115 da gudun ɗan tsere ai sai ya samu abin da yake so. A kakar 1989 an miƙa wa Okoye ƙwallo sau 370 a wasa 15, kusan sau 25 kenan duk wasa. Ya ci yadi 1,480, tachdawun 12, ya zama na ɗaya a duk NFL a gudu da ƙwallo, ya shiga Pro Bowl, wasan da ake tara taurarin kaka, aka sa shi a sahun farko na All-Pro, wato jerin waɗanda suka fi kowa a kowane matsayi. Ƙungiyar da take cin wasa huɗu ta koma ta ci 8, ta faɗi 7, canjaras 1. Mutumin da shekara biyar baya bai san dokokin wasan ba. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai in ji abin ya girmama a raina, kuma ban yarda a rage masa ko kaɗan daga wannan ba.

Amma mu kalli wanda ya zo na biyu. Barry Sanders na Detroit Lions, sabon shiga a shekarar, ya gama da yadi 1,470, tazarar yadi 10 kacal. Sananne ne cewa a wasan ƙarshe da Atlanta an ce masa ya koma fili ya ƙarasa goman nan ya ƙi, tunda sun riga sun ci wasan. Abin da ya fi jan hankalina ba wannan ba ne, yawan ɗaukar ne. Sanders sau 280 ya ɗauki ƙwallo, Okoye 370. Wato ƙarin ɗauka 90, ƙarin faɗuwa ƙasa 90, don ƙarin yadi 10. Sanders yana cin sama da yadi 5 duk ɗauka saboda zillewa yake, da wuya ka same shi sosai, shi kuwa Okoye yadi 4 daidai yake ci kuma kusan kowane yadi da kafaɗarsa da gwiwarsa ya saye shi. Masu tsaro kuma ba sakarkaru ba ne, da suka ga ba a iya tare shi ta sama sai suka koma suna faɗa masa a ƙafafu, hular kwano a kan gwiwa, mako bayan mako. Sannan filin gidansu Arrowhead a wancan lokacin ba ciyawar gaske ba ce, shimfiɗar roba ce mai tauri, sai a 1994 aka mayar da shi ciyawa, bayan ya riga ya tafi.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. A shekararsa ta farko ya cafe ƙwallon da aka jefo masa sau 24. A 1989 sau 2 kacal. Ma'ana an mayar da shi kayan aiki iri ɗaya, in ka gan shi a fili ka san abin da za a yi, za a ba shi ya kutsa tsakiya. Mai gudun da ake jefa wa ƙwallo a gefe yana samun fili, mutum ɗaya ne ko biyu a gabansa kuma sau da yawa ƙananan jiki. Wanda ake turawa tsakiya kullum da masu kilo 130 yake haɗuwa. Motar da kullum ita ake labta wa lodi a bi da ita hanya mai gargada, ko sabuwa ce fil, ai ba a tambayar me ya kashe mata ƙafa.

Daren Denver

17 ga Satumba 1990, mako na biyu na kaka, wasan daren Litinin da duk Amurka take kallo, a filin Mile High. An ba Okoye ƙwallo ya nufo tsakiya, Steve Atwater mai tsaron baya na Broncos, wanda Okoye ya fi shi nauyi da kilo goma sha wani abu, ya taho da gudu ya same shi a daidai ƙofar, Okoye ya koma da baya ya faɗi. An sa wa Atwater makirfo a ranar don haka har ƙarar karon da ihun da ya yi duk an naɗa. Denver ta ci 24 da 23. Duka ne mai kyau, halastacce, kuma Atwater gwani ne, a 2020 aka zaɓe shi shiga zauren fitattun 'yan wasan NFL. Ba ni da matsala da shi ko kaɗan.

Matsalata da labarin da aka gina a kai ce. Mutane suna kallon lambobin 1990, yadi 805 a ɗauka 245, wato 3.3 duk ɗauka, sai su ce ka gani, tsoro ya shige shi. To in tsoro ne me ya faru a 1991? A 1991, shekara guda bayan dukan, Okoye ya ci yadi 1,031 a ɗauka 225, tachdawun 9, ya sake zuwa Pro Bowl. Lissafa ka gani, kusan yadi 4.6 duk ɗauka, mafi kyau a duk rayuwarsa ta NFL, ya fi na shekarar da ya zama zakara. Mutumin da aka karya wa zuciya ba ya dawowa yana da shekara 30 ya yi wannan. Abin da lambobin ke nunawa a fili yake, 1989 an yi masa lodin da ya wuce kima, 1990 jiki ya biya bashi ga raunuka, a wannan shekarar ne Barry Word ya shigo ya karɓi rabin aikin har ya ci yadi 1,015, da aka raba kayan tsakanin mutum biyu sai Okoye ya farfaɗo a 1991. Chiefs ma sun amfana, 1990 sun ci wasa 11, 1991 sun ci 10 har suka doke Raiders a wasan farko na zagayen fitar da gwani.

Sai dai gwiwa ba ta yafiya. 1992 ya koma yadi 448 a ɗauka 144, yawanci ana sako shi ne in an zo dab da layin ci ana neman yadi ɗaya ko biyu, inda ya ci tachdawun 6. Kafin a fara kakar 1993 ciwon gwiwa ya ajiye shi, aka yi masa tiyata, bai sake buga wasa ba. Jimilla kaka 6, wasa 79, ɗauka 1,246, yadi 4,897, tachdawun 40. Kusan kashi 30 cikin 100 na duk ɗaukar da ya yi a rayuwarsa a shekara ɗaya tak aka yi ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a wannan 1993 ɗin ne Chiefs suka kawo shahararren kwatabak Joe Montana suka kai har wasan ƙarshe na AFC, wato ɓangaren NFL da suke ciki, inda Buffalo ta cire su, ƙungiyar da aka gina a kan bayansa ta kai inda ake so shi kuma ba ya nan. Wanda ya maye gurbinsa Marcus Allen ne, kuma Allen ya girme shi, haihuwar 1960 ne. Ya buga wa Chiefs har 1997. Me ya sa tsoho ya daɗe shi kuma ya tafi? Allen yana cafe ƙwallo, yana zillewa, kuma shekarunsa na ƙarshe a Raiders ya yi su ne kusan a benci saboda saɓaninsa da mai ƙungiyar Al Davis, jikinsa ya huta ba da son ransa ba. Kuma shi kansa Allen ɗin shaida ne, a 1985 ya ɗauki ƙwallo sau 380 ya ci yadi 1,759 ya zama gwarzon NFL, daga nan har ya yi ritaya bai sake kai yadi 1,000 a kaka ɗaya ba.

Ba shi kaɗai ba ne

Masu nazarin alƙaluman wasan, musamman Aaron Schatz wanda ya kafa shafin Football Outsiders, sun daɗe da lura cewa mai gudun da ya kai ɗauka 370 a kaka yakan faɗi warwas ko ya ji rauni a shekara mai zuwa, kuma lambar Okoye ta 1989 ita ce 370 cif. Misalan suna da yawa. Terrell Davis ya ɗauka sau 392 a 1998 ya ci yadi 2,008, 1999 jijiyar gwiwa ta tsinke. Jamal Anderson na Atlanta sau 410 a wannan 1998 ɗin, shi ma 1999 gwiwa ta tafi tun farkon kaka. Su kansu Chiefs sun maimaita da Larry Johnson a 2006, sau 416, tarihin da har yau ba a karya ba, bayan nan bai sake kai yadi 1,000 ba. Gaskiya ne akwai masu sukar wannan lissafi, suna cewa babu wani sihiri a lamba 370, duk wanda ya yi shekara mafi kyau dole ta gaba ta ragu, kuma ga irinsu Eric Dickerson da Emmitt Smith da suka wuce lambar suka ci gaba da cin kasuwarsu. Na yarda lambar ba layi ba ce da in ka tsallaka shikenan. Amma Dickerson da Smith ba sa gudu irin na Okoye, kuma a kan mutumin da salonsa karo ne, wanda ake buga masa gwiwa a kan shimfiɗar roba, ba na buƙatar wani dogon lissafi kafin in yarda cewa yau da gobe ba ta bar komai ba.

Shin Schottenheimer ya yi laifi? Na juya wannan tambaya sosai. An kawo shi ne ya gyara ƙungiyar da ta lalace, ya duba abin da ke hannunsa ya yi amfani da shi, kuma ya yi nasara, shi ma Okoye ba don wannan lodin ba da ba a san sunansa haka ba, da babu kambun 1989. Ba zan ce mugunta ba ce. Amma tsarin ne yake da matsala, koci ana auna shi da wasan Lahadi mai zuwa, gwiwar ɗan wasa kuma tasa ce shi kaɗai har tsufansa. In an cire ɗauka 80 ko 90 daga 1989 an ba wani, ina da yaƙinin da an samu ƙarin kaka biyu masu kyau daga gare shi, kuma abin da ya faru da aka kawo Barry Word shi ne hujjata. Ga kuma maganar kuɗi, cikakken 'yancin ɗan wasa ya sauya ƙungiya ya nemi wadda ta fi biya sai a 1993 ya fara aiki a NFL, daidai shekarar da jikinsa ya tsaya, don haka shekarunsa masu tsada duka ya yi su ne lokacin da ba shi da wani ƙarfin ciniki.

Ƙungiyoyin yanzu sun koyi darasin amma ta hanyar da ta fi musu riba. Sun gane mai gudu yana saurin ƙarewa, sai suka koma ɗaukar matashi a kwantiragin farko mai araha, a yi amfani da shi shekara huɗu, in ya zo neman babban kuɗi a ce masa ai ka kusa ƙarewa. Le'Veon Bell ya ƙi buga kakar 2018 gaba ɗaya a Pittsburgh a kan wannan, ya bar dala miliyan 14.5. A 2023 Josh Jacobs wanda ya fi kowa yadi a 2022, da Saquon Barkley, da Tony Pollard duk an ɗaure su da tayin shekara ɗaya na wajen dala miliyan 10, har manyan masu gudun suka yi taro ta Zoom suna kuka da yadda aka karya musu farashi. Barkley ya bar Giants ya koma Philadelphia ya ci yadi 2,005 a 2024 suka ɗauki Super Bowl, wato kofin NFL, a kan Chiefs ɗin nan dai, Derrick Henry kuma yana da shekara 30 ya ci 1,921 a Baltimore, to wannan ya ɗan sa an sake tunani, amma su ƙalilan ne.

Shi Okoye ya sha faɗa cewa wasan a wurinsa aiki ne, kuma atisaye ya ishe shi kafin ya bari, wanda bai ba ni mamaki ba ga mutumin da abin da ya so tun farko jifan faranti ne. Ya zauna a Kalifoniya, yana da gidauniya mai sunansa da take taimaka wa yara ta hanyar wasanni, kuma a 2000 Chiefs suka sa shi a zauren fitattunsu. Lokacin da ya bari shi ne ya fi kowa yadi a tarihin ƙungiyar, sai daga baya Priest Holmes da Larry Johnson da Jamaal Charles suka wuce shi. Yanzu NFL cike take da 'yan asalin Najeriya, har Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL ɗan asalin Najeriya, ya jagoranci sansanin neman matasa da NFL ta yi a Gana a 2022, kuma yawancin yaran da ake ɗauka daga nan irin Okoye ne, manyan jiki, sun fara a makare. Abin lura shi ne kusan dukkansu layin gaba ake kai su ko tsaro, ba a cika ba su ƙwallo su gudu da ita ba.